Awon tsokar sha-raɓa: Yaushe ne za a amince da sakamakon gwaji?

A duk lokacin da ƙafar yaro ta saki farat ɗaya, ko mai ciwon suga ya fara jin tafin ƙafarsa kamar ba nasa ba, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya soma koyon tafiya, akwai wata gaɓa da ma'aikatan lafiya ba sa tsallakewa wajen bincike, ita ce sha-raɓa, wato tsokar da ke bayan ƙwauri tsakanin gwiwa da diddige. Ana auna kaurinta da ƙarfinta da yadda take amsa saƙon jijiya, sannan a rubuta lamba a katin majinyaci. Da wannan lamba ake yanke hukunci ko jiki yana samun sauƙi, ko a sauya magani, ko a tura mutum babban asibiti.

Tambayar da masana suka daɗe suna bibiya ita ce: idan aka maimaita awon gobe, ko wani ma'aikacin daban ya yi shi, lambar za ta dawo yadda take? Wannan shi ne abin da ake kira amincin awo, kuma ya shafi majinyacin da ke ƙaramin asibiti a Arikya ta ƙaramar hukumar Lafia kamar yadda ya shafi wanda ke kwance a asibitin koyarwa a Kano ko Zariya.

Yadda sha-raɓa take aiki

Manyan tsokoki biyu ne suka haɗa sha-raɓa. Ta sama, wadda ake ganin tudunta, sunanta gastiroknimiyas. Tana da kai biyu, kuma ta faro ne daga ƙashin cinya, saboda haka ta ratsa gwiwa. Ta ƙasa, mai faɗi, ita ce soliyas, wadda ta faro daga ƙasusuwan ƙwauri ba tare da ta taɓa gwiwa ba. Dukansu sun haɗu a agara, jijiya mafi kauri da ƙarfi a jikin ɗan Adam, wadda ta liƙe a ƙashin diddige.

Aikinsu shi ne ɗaga diddige da tura jiki gaba a kowane taku. Soliyas kuma ita ke hana mutum kifewa idan yana tsaye, tana kuma matsa jijiyoyin jini don jini ya koma sama zuwa zuciya. Umarnin motsi yana fitowa daga laka, ya bi ta babbar jijiyar da ta sauko ta ɗuwawu da bayan cinya, sannan ya shiga reshenta da ke wucewa ta bayan gwiwa. Matsala a kowane zango na wannan hanya, daga ƙwaƙwalwa zuwa tsokar kanta, tana iya bayyana a sha-raɓa. Shi ya sa likitoci ke ɗaukarta a matsayin taga ta leƙa lafiyar jijiyoyin ƙafa.

Mene ne amincin awo?

Masu sayen riɗi da gyaɗa a kasuwannin Nasarawa sun san bambancin da ake magana a kai. Sikelin da kullum yake ƙara kilo biyu a kan kowane buhu ba ya faɗin gaskiya, amma ba ya sauya magana. Wanda kuma zai nuna kilo 98 da safe, ya nuna 103 da yamma a kan buhu guda, ba a san inda za a kama shi ba. Na farkon yana da aminci amma ba shi da sahihanci, ana iya gyara shi da lissafi. Na biyun kuwa ba shi da aminci, kuma awon da ba shi da aminci ba zai taɓa zama sahihi ba.

A asibiti ana duba aminci ta fuska uku: ko mai awo ɗaya zai samu sakamako iri ɗaya idan ya maimaita, ko masu awo biyu za su dace da juna, da kuma ko sakamakon yau zai yi daidai da na wani mako alhali jikin majinyacin bai sauya ba.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen bayyana wannan shi ne wani adadi da ake kira ICC, wanda ke tashi daga sifiri zuwa ɗaya. Masana biyu, Shrout da Fleiss, su ne suka tsara nau'o'insa a 1979. Bisa rabe-raben da Koo da Li suka gabatar a 2016, adadin da ya gaza 0.5 yana nuna rauni, daga 0.5 zuwa 0.75 matsakaici ne, daga 0.75 zuwa 0.9 mai kyau ne, abin da ya haura 0.9 kuma ya kai matuƙa. Sai dai wannan adadi yana da tarko. Idan aka haɗa matasa majiya ƙarfi da tsofaffi masu rauni a bincike guda, ICC kan yi sama ko da awon yana da kuskure mai yawa, domin tazarar da ke tsakanin mutanen ta rufe kuskuren.

Abin da ya fi amfani ga majinyaci ɗaya shi ne sanin girman kuskuren awon, da mafi ƙarancin sauyin da za a yarda cewa na gaske ne. Ana samun wannan ta hanyar ninka kuskuren awo sau 2.77. A ce kuskuren wani gwaji na ɗaga diddige ya kai ɗagawa 2. Ke nan sai an ga bambancin ɗagawa 6 ko kusa da haka kafin a ce an samu ci gaba. Wanda ya yi 10 a watan jiya, ya yi 13 a wannan wata, mai yiwuwa bai sauya ba. Wanda ya tashi daga 10 zuwa 17 kuwa ya samu sauƙi na haƙiƙa.

Gwajin ƙarfi da hannu

Hanya mafi daɗewa ita ce ma'aikaci ya sa hannu ya tare motsin majinyaci, ya ƙiyasta ƙarfinsa. Cutar shan inna ce ta haifar da wannan hanya. A farkon ƙarni na 20, likitan ƙashi Robert Lovett na birnin Boston a Amurka da abokiyar aikinsa Wilhelmine Wright suka tsara ta domin bibiyar yaran da cutar ta nakasa. A 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta fitar da matakai shida, daga 0 zuwa 5, domin sojojin da suka ji rauni a jijiya. Sifiri na nufin babu motsi ko kaɗan, 3 na nufin gaɓa tana iya ɗaga nauyin kanta, 5 kuma cikakken ƙarfi. Har yau da wannan ma'auni ake aiki a asibitocin Najeriya.

A ƙananan matakai, daga 0 zuwa 3, masu awo kan dace da juna, domin ido na iya ganin ko gaɓa ta motsa. Saɓani yakan taso ne a matakai na 4 da 5, inda hukuncin ya dogara ga ƙarfin hannun mai awon. A nan ne sha-raɓa ta fi kowace tsoka wahala. Tsoka ce da ke ɗaukar nauyin jiki gaba ɗaya dubban lokuta a rana, don haka ko ta yi asarar kaso mai yawa na ƙarfinta, hannun mutum ba zai iya danne ta ba, sai a rubuta mata 5.

Bincike kan masu shan inna ya tabbatar da wannan giɓi tun da daɗewa. A 1955, likitan Birtaniya W. J. W. Sharrard ya nuna cewa tsoka na iya bayyana lafiya lau a gwajin hannu alhali fiye da rabin ƙwayoyin lakar da ke motsa ta sun mutu. Bayan 'yan shekaru, Willis Beasley a Amurka ya gwada tsokokin yara da na'ura, ya tarar cewa wasu da aka ba su cikakken maki ba su wuce rabin ƙarfin sa'o'insu ba.

Gwajin ɗaga diddige

Saboda wannan matsala, likitocin fisiyo, waɗanda jama'a suka fi sani da masu gashin ƙashi, sun koma amfani da nauyin jikin majinyacin kansa. Zai tsaya da ƙafa ɗaya, gwiwa a miƙe, ya taɓa bango da yatsu don kada ya faɗi, sannan ya riƙa ɗaga diddige iya tsawonsa yana saukewa har ya gaji. Ana ƙirga sau nawa ya yi.

A 1995, Lunsford da Perry suka ba da shawarar a ɗauki ɗagawa 25 a matsayin mizanin lafiya. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa lamba ɗaya ba ta isa kowa ba. Wani nazari da aka yi a Taiwan a 2005 kan mutanen da ba sa motsa jiki ya gano cewa maza 'yan shekara 21 zuwa 40 na yin kimanin 22, mata sa'o'insu kimanin 16, waɗanda suka haura shekara 60 kuwa ba sa wuce 3 zuwa 4. Wani kuma da aka buga a 2017, wanda ya ƙunshi mutum 566 a ƙasar Suwidin, ya samu aminci mai ƙarfi, amma bayan an daidaita komai: gangaren wurin tsayuwa, saurin ɗagawa da na'urar bugun lokaci, da ƙa'idar tsayar da gwaji.

Darasin da ke nan a bayyane yake. Manomin da ya saba taka sayyada zuwa gona kullum da ma'aikacin ofis da ke wuni a zaune ba za a ɗora su a mizani guda ba. Abin da ya fi tabbas shi ne a kwatanta ƙafar da ta samu matsala da ɗayar, a kuma kwatanta mutum da kansa daga wata zuwa wata, da sharaɗin a yi gwajin iri ɗaya kowane karo.

Awon kauri da tef

Tef ɗin tela ma kayan aiki ne a wannan fage. Ana auna zagayen sha-raɓa a wurin da ta fi kauri, ba tare da an matse fata ba. A 1995 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana wannan awo a matsayin hanya mai kyau ta ƙiyasta yawan tsoka a jikin tsofaffi. An daɗe ana ɗaukar ƙasa da santimita 31 a matsayin alamar zubewar tsoka, yayin da ƙwararrun nahiyar Asiya suka tsayar a 2019 cewa ƙasa da santimita 34 ga maza da 33 ga mata ya isa a ƙara bincike. Haka kuma, idan ana zargin jini ya daskare a jijiyar ƙafa, likita kan auna ƙafafu biyu a santimita 10 ƙasa da tudun ƙashin da ke ƙarƙashin gwiwa, kuma bambancin da ya wuce santimita 3 yana daga cikin alamun da ake lissafawa.

Wannan awo yana cikin waɗanda suka fi aminci, muddin an kiyaye wuri da lokaci. Ƙafa kan ɗan kumbura da yamma bayan doguwar tsayuwa. Awon tsaye da na zaune ko na kwance ba sa zama ɗaya. Kumburi irin na ciwon zuciya ko ƙoda ko juna biyu yana ƙara lamba ba tare da tsoka ta ƙaru ba.

Bugun agara

Idan aka bugi agara da ƙaramar gudumar roba, saƙo kan tafi laka ya dawo, ƙafa ta zabura ƙasa. Ɓacewar wannan zabura na daga alamun farko na lalacewar jijiyoyin ƙafa ga masu ciwon suga, kuma tana faruwa idan faifan ƙashin baya ya danne jijiya a ƙugu. Idan kuma zaburar ta yi yawa, hankali kan koma ga ƙwaƙwalwa ko laka.

Raunin gwajin shi ne ya dogara ga ƙarfin bugu da sakin jikin majinyaci. Wanda ya ɗaure jiki saboda tsoro zai iya ɓoye zaburar. Tsofaffi da dama ma sukan rasa ta ba tare da wata cuta ba. Don haka likitoci ba sa tsayawa a kanta ita kaɗai. Ga mai ciwon suga, ana haɗa ta da gwajin zaren roba mai nauyin giram 10 da ake dannawa a tafin ƙafa, da kuma gwajin jin girgiza.

Irin wannan saɓani ana samunsa wajen auna ƙagewar tsoka ga masu shanyewar ɓarin jiki. Ma'aunin Ashworth, wanda Bohannon da Smith suka gyara a 1987, ya dogara ga abin da hannun mai awo ya ji lokacin da yake lanƙwasa idon sawu. Sauri ko jinkirin hannu yana sauya sakamako, kuma matsayin gwiwa ma haka, tunda gastiroknimiyas tana miƙewa idan gwiwa ta miƙe, ta saki idan an lanƙwasa ta.

Awo da wutar lantarki

A manyan asibitoci da dakunan bincike ana amfani da na'ura mai aika ƙaramar wuta cikin jijiya a bayan gwiwa, a naɗi amsar tsoka ta wasu 'yan faifai da aka manna a fata. Amsa iri biyu ce ke fitowa. Ta farko ita ce wadda wutar ta tayar kai tsaye, ana kiranta amsar M. Ta biyu kuma sai saƙon ya je laka ya dawo, abin da ke ɗaukar kimanin kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa ga babban mutum. Ita ce amsar H, wadda aka raɗa wa sunan masanin Jamus Paul Hoffmann da ya fara bayyana ta a 1910.

Lokacin da amsar H ke ɗauka kafin ta iso ba ya yawan sauyawa, amma yana da alaƙa da tsawon ƙafa, don haka dogon mutum da gajere ba su da mizani ɗaya. Girman amsar kuwa yana da saurin sauyawa. Juya kai, cije haƙora, ɗaure wata tsoka, ko aika wuta a jere ba tare da an bar tazarar kimanin daƙiƙa 10 ba, duk suna iya ƙara shi ko rage shi. Saboda haka masu bincike kan maimaita sau da yawa su ɗauki matsakaici, sannan su raba girman amsar H da mafi girman amsar M, domin a rage tasirin wurin da aka manna faifan da kaurin fata. Idan aka bi waɗannan ƙa'idoji, awon soliyas yakan ba da aminci mai kyau daga rana zuwa rana.

Sanyi ma yana da tasiri. Saƙo a jijiyar ƙwauri ta mai lafiya yana gudun da ya haura mita 40 a daƙiƙa, amma gudun kan ragu da kimanin mita 2 a daƙiƙa ga kowane digiri ɗaya da zafin fata ya sauka. Wanda ya hau babur da sassafe a lokacin hunturu, aka gwada shi kafin ƙafarsa ta ɗumama, na'ura za ta iya nuna masa cutar da ba shi da ita. Ƙa'ida ita ce a auna zafin fata, a ɗumama ƙafar idan ta yi sanyi.

Inda abin ya shafi Najeriya

An ga mai ɗauke da ƙwayar shan inna ta asali na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita. Duk da haka sa ido bai tsaya ba. Ƙa'ida ita ce a kai rahoton duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda wata gaɓarsa ta saki farat ɗaya. Ana ɗaukar samfurin bayan gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a aika dakunan gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Idan samfurin bai cika sharaɗi ba, ana komawa a duba yaron bayan kwana 60 don ganin ko raunin yana nan, kuma kwamitin ƙwararru kan dogara da wannan rahoto wajen yanke hukunci. Gwajin da aka yi da gaggawa, ko aka rubuta shi a dunƙule, yana iya karkatar da hukuncin.

Ba kowace shanyewar ƙafa ce shan inna ba. Akwai cutar Guillain-Barré, wadda aka bayyana a Faransa a 1916, da takan kama ƙafafu biyu lokaci guda ta riƙa hawa sama. Akwai kuma raunin jijiya sakamakon allurar da aka yi wa yaro a ɗuwawu ba a wurin da ya dace ba, matsalar da likitocin Najeriya suka sha rubutu a kanta. Galibi takan fi taɓa tsokokin gaban ƙwauri, ƙafa ta riƙa laɓewa ƙasa, amma wani lokaci takan haɗa da sha-raɓa. Jijiyar da ta ji rauni tana tsirowa ne a hankali, kimanin milimita ɗaya a rana, don haka farfaɗowa kan ɗauki watanni. A tsawon wannan lokaci, awo ne kaɗai zai nuna ko ana ci gaba ko lokacin tunanin tiyata ya yi.

Na'urorin auna jijiya sun fi samuwa a manyan cibiyoyi. Majinyaci daga Arikya kan fara ne da asibitin matakin farko, daga nan a tura shi Lafia, zuwa asibitin da a da aka fi sani da Dalhatu Araf, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, wani lokaci har Abuja ko Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka kafa a 1959. A kowane zango hannu daban ne zai duba shi. Idan ma'aikacin farko ya rubuta "ƙafa ta ɗan yi sauƙi" kawai, na gaba ba shi da abin kwatantawa. Idan kuwa ya rubuta cewa zagayen sha-raɓar hagu santimita kaza ne, an auna a zaune da safe, a tazara kaza daga gwiwa, kuma majinyacin ya ɗaga diddige sau kaza, to likitan da ke nesa zai iya ɗorawa daga inda aka tsaya.

Abin da ke ƙara amincin awo

Ƙwararru sun yi ittifaƙi a kan wasu matakai da ba sa buƙatar kuɗi. A riƙa yin awo a lokaci guda na rana, majinyaci yana cikin matsayi guda, da kayan aiki guda. Inda zai yiwu, mutum ɗaya ya riƙa yin awon. A bar majinyaci ya gwada motsin kafin a fara ƙirga, domin mutane kan ƙara ƙwazo a karo na biyu saboda sun gane abin da ake so kawai. A maimaita awo sau biyu ko uku a ɗauki matsakaici, sai dai gwajin da ke gajiyarwa, wanda ke buƙatar hutu. A auna ƙafafu biyu koyaushe. A rubuta duk abin da zai iya shafar sakamako, kamar zafin ciwo, kumburi, zazzaɓi, doguwar tafiya kafin isowa asibiti, ko maganin da ke sassauta tsoka.

Majinyaci da danginsa ma suna da rawar takawa. Su adana katin asibiti da takardun gwaji, su tafi da su duk inda aka tura su. Su sanar da likita idan an yi wa yaro allura kafin ƙafarsa ta saki, da wurin da aka yi ta. Idan an ce lamba ta hau ko ta sauka, haƙƙinsu ne su tambaya ko sauyin ya wuce kuskuren awo. Yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya kuwa, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, domin kwana 14 na farko su ne lokacin da gwaji ya fi ba da amsa tabbatacciya.